Kaka Ya Tahi, Kaka Ta Zo

Ni dai har yanzu ban ga laihin da niy yi ma Gwaggo ba. Gidanmu cike yake da masu dipulom. Akwai likita, akwai injiniya, akwai wanda in ya saki faransanci Bature da kanshi sai ya nemi tafinta. Amma da anka ce a rubuta ta'aziyyar Kaka, sai tat tsallake su kakaf tad dira kaina, ni ɗan kabu-kabun da lekol, makarantar boko, tas sallama tun daga katiriyam, aji ukku na kwalej.

Nic ce, "Gwaggo, rabona da bik, abin rubutu, tun ina da sauran kunya."

Tac ce, "Wa yac ce maka bik? Salular ga da kake wuni kana latsawa kana yi ma ɗiyan mutane ƙarya, da ita za ka rubuta. Yayyenka sun yi nasu da faransanci, mutanen Yamai sun karanta sun tahwa. Mutanenmu na nan ƙasar Kurhwai kuma wa za shi gaya musu?"

Nic ce in na ƙiya hwa. Tac ce to in manta hanyar tukunyarta. Wanda yas san dambun Gwaggo ya san ba ni da zaɓi.

Kaka shi ne mahaihin babana. Babana ya rasu ina rarrahe, don haka a gidan Kaka nit tashi, nan Hilinge. A takarda Farfesa ne. A bakina kuwa abokin gaba ne, don matarshi, Hajiya, matata ce tun ran da anka haihe ni, shi aro kawai nib ba shi. In na shigo na ce, "Amarya, ina tuwon maigida?" sai ya ɗago daga littahinshi ya ce, "Ɓarawon mata ya iso. Maigidan da ko cehwanen gishiri bai taɓa yi ba."

Ya rasu tsakiyar damina, hatsi na hidda kai. Tun kahin azahar motocin Yamai sunka cika layinmu har ba wurin aje jaki, ga masu jakan kuma sun zo, daga Bonkuku, daga Damana, daga ƙauyukan da ko ni mai yawo sai na yi tambaya. Masu tabarau suna cewa ƙasa ta yi babban rashi, wani ma yac ce ɗakin littattahai ne guda yaƙ ƙone. Zabarmawan Tondikandiya suna ta "fonda tilas," gaisuwar ta'aziyyarsu ke nan, muna amsawa. Tsohhin mata na ƙauye kuwa abin da suke hwaɗi guda ne, a hankali, suna gyara lulluɓi: "To ɗiyanmu hwa?" Hajiya ba ta yi kuka gaban kowa ba. Ta dubi kwanon hurar da tad dama mishi da sahe, tac ce, "Ya tahi bai sha ba," tam miƙa ma wani yaro ɗan lekol da ke raɓe bakin ƙohwa.

Wanda yah hi kowa kuka wani ƙato ne mai tumbi, da babbar mota da direba. Na zaci bashi yake bin Kaka. Da yal lahwa, nik kai mishi shayi, sai yak kama hannuna yab ba ni labari ba tare da na tambaye shi ba.

Yac ce zamanin da Kaka ke rakta, wato shi ne sarkin jami'ar baki ɗaya, bursu, kuɗin da gwamnati ke ba ɗalibai, ta yi jinkiri, resto inda suke cin abinci ya ruhe, ɗalibai sunka kwan biyu suna shan ruwan pampo. Sai sunka ɗebi duwatsu sunka nuhi biro, wato ohishin rakta, kuma shi mai tumbin shi ag gaba, lokacin wuyanshi awa na zabo. Kaka yah hito a ƙasa, ba ɗan sanda ba kowa, yac ce, "Wane ne babbanku?" Anka nuna shi. Kaka yac ce, "Aje dutsen, zo ka raka ni kasuwa." Yaj ja shi har shagon wani babban ɗan kasuwa, yat tsaya cikin rana, yat tuɓe hularshi, yaj juya ta yam miƙa.

To wanda bai san kan Kaka ba bai san abin da hakan ke nuhi ba. Sanƙo ne sumul awa bayan ƙwarya, in rana ta doke shi sai ka kare ido. Ɗan kasuwar yat taso a gigice, yac ce, "Subhanallahi, Farfesa, maida hularka." Kaka yac ce, "Sai ɗiyana sun ci." Haka sunka bi shago shago. Kahin la'asar buhunan shinkahwa da wake na bin su a baya.

Mai tumbi yas share hawaye yac ce, "Na je in hwasa mishi kai, sai ga shi ya tuɓe mini kan da hannunshi."

Ni wannan hular na san ta, don ni nid dinga kai ta yawo. Da Kaka ya aje aiki, an yi an yi ya zauna Yamai yaƙ ƙiya. Yad dawo Hilinge, yag gina rumbu bayan gida, babba, irin wanda sai da tsani. Abin da ke cin ranshi shi ne ɗiyan ƙauye. Yaro ya ci jarrabawa an turo shi kwalej cikin gari, ba shi da kowa, ba mai masauki, ba tuwon dare. Wata biyu ukku sai ka gan shi ya naɗe tabarma ya koma gida. Kaka kan ce, "Duk malamin lekol da ke ƙasar ga ba wanda yak kai yunwa korar yara." Kuma kan ce, "Ciki ke karatu, kai rakiya yake yi." Shi yas sa maza sunka cika zaurenmu, mata sunka cika ɗakin Hajiya, rumbu kuma shi ke ci da su.

Yadda niz zama direbanshi ma abin dariya ne. Ran da anka kore ni daga lekol ban koma gida ba, nil laɓe a tasha ina jiran duniya ta tashi. Jikan Farfesa guda, an kore shi don bai iya lissahi ba. Can sai ga shi da sandarshi, yaz zauna kusa da ni kan benci, yas sai muna gyaɗa. Sai da munka cinye yac ce, "Na kori ɗalibai da hannuna, wasunsu yanzu su ke ba ni hatsi. Kanka na da mai, birki ne babu. Abu guda nike roƙonka, ka zama komi amma kar ka zama marowaci." Bayan sati yas sai mini moto mai ƙahwa biyu, bisa sharaɗin duk ranar kasuwa shi ne hwasinja na hwarko. Bai taɓa biya ba. In na yi magana sai ya ce, "Kuɗin hayar matata da kake ci ma tuwo hwa?"

Hitarmu ta hwarko ba ni manta ta. Wani ƙauye ne can cikin Kurhwai, an tara magidanta ƙarƙashin gawo. Kaka yag gyara tabarau, yay yi gyaran murya, yac ce "Bon," kamar yadda yas saba kahin kowace magana, sannan yam manta ba a jami'a yake ba. Yac ce, "Jama'a, abin da ƙasar ga ke bukata shi ne filantropi."

Taimakon jama'a yake nuhi, da bakin Turawa. Kun san bakinmu, fa ba ta zama sai ta koma ha. Kahin kalmar ta kai layin baya ta zama wani abu. Wani tsoho mai nauyin kunne yam miƙe yac ce, "Hillani kuma? Mi sunka yi? Gonar wa shanunsu sunka shiga?"

Wuri yar ruɗe da gunaguni. Wata Bahillata da ke gehe tana saida nono taɗ ɗauki ƙwaryarta tay yi gaba, ba ta ko waiwaya ba. Kaka yay yi dariya har sai da yaz zauna kan saiwar gawo. Yat tura ni nib bi ta nib ba ta haƙuri, yas saye nonon duka anka raba ma mutane. Sannan yac ce, "Ku yahe ni, na zo muku da kalmar da ba ta da dangi a nan. Ga abin da nike so. In kaka ta yi, kowane magidanci ya hidda dami guda, don yaran da ke karatu a gari."

Tsohon yac ce, "To ka ce dami mana, Malam. Kai da ka kusa haɗa mu da maƙwabta."

Tun daga ranar, duk ƙasarmu sunan abin ya zama damin Hillani. Mutum na ɗaurin hatsi za ka ji ya ce ma ɗanshi, "Ware wancan, na Hillani ne." Su kuma Hillanin da labari yak kai musu, sai ardonsu yac ce tunda an sa sunansu ba a tambaye su ba, ba su bari a ji kunya da shi. Duk shekara suna aiko da akuya da man shanu. Kaka ya rubuta littattahai kan kalmar nan tashi, an gayyace shi ƙasashe ya yi bayaninta, amma a gida bai sake hurta ta ba sai in yana son ba Hajiya dariya.

Akwai wani tsohon Ba'azne mai bori, shi kullum daminshi ya hi na kowa girma, sai mutum biyu sun kama. Wata shekara wani ustazu cikin samarin unguwa yac ce ma Kaka anya ya halatta a ci da ɗiyan Musulmi da wannan hatsin. Kaka yaz zaro zangarniya guda daga damin, yaz zaro wata daga na liman, yah haɗa su a bayanshi yaj jujjuya, yam miƙa mishi yac ce, "Ware mini wadda ke salla." Ranar rasuwa tsohon ya zo, yaz zauna can nesa da tabarmin malamai har rana tah hwaɗi.

Ba kowa ke son wannan roƙon ba, kuma wanda yah hi ƙin shi ɗan cikinshi ne, Bappa, wan babana, babban ma'aikaci a Yamai. Kar ku ɗauka mugun mutum ne. Shi yag gyara gidan ga, shi yay yi ta ɗawainiyar asibitin Kaka har ƙarshe, ni kaina ya sha hidda ni daga hannun 'yan sanda kan maganar takardun moto. Kunya ce ke cin shi. Wata rana wani abokin aikinshi yan nuna mishi bidiyo a salula, ga Farfesa tsaye gaban mahauci a kasuwar Hilinge, kai a tuɓe, hula a miƙe. Bappa yak kamo hanya a ranar.

Ina zaure ina jin su. Bappa yac ce, "Baba, kana zubda mu. Mutumin da yar riƙe jami'a guda, yau shi ke bin mahauta? In abinci ne, ka bari ni in ɗauka, ka zauna gida ka huta."

Kaka yac ce, "Aiko, ba ni maida hannun kyauta. Amma in kai kaɗai kac cika shi, rumbunka ne, ran da kay yi hushi yara su kwana da yunwa. In kowa ya sa daminshi, kowa na leƙowa ya ga ko an ci amanarshi."

"Mutane na cewa maroƙi."

"Sun hwaɗi gaskiya. Duk muƙaman da nir riƙe, wannan ne kawai ba a yi mini ritaya."

Bappa yat tashi yah hita, ko hurar Hajiya bai sha ba. Sun shirya daga baya, ɗa da uba ne, amma maganar rumbu ba su sake taɓa ta ba.

Shi yas sa ban yi mamaki ba da anka watse daga sadakar bakwai, Bappa yat tara mu yac ce in an yi arba'in za a ruhe rumbu, kowane yaro iyayenshi su nema mishi masauki. Yac ce roƙo ya bi mai shi. Shi ne babba yanzu, maganarshi ta zauna. Rumbun ma lokacin ya kusa kai ƙasa, kamar kowace shekara in damina ta yi nisa, sai sabon hatsi ake jira.

Ran kasuwar Damana na kai wani hwasinja, sai ga wata yarinya cikin waɗanda ke kwana ɗakin Hajiya, tana taya uwarta saida kopto, kwaɗon ganye. Bana za ta yi jarrabawar bepese ta gama kwalej, kuma duk ajinsu ba mai kama ƙahwarta. Tac ce, "Direban Farfesa, in an koma lekol, mu zo ko mu zauna? Baba ya ce in ba gidanku ba, ba ya da inda za shi aje ni."

Sai nik kama duba tayar moto.

Ana gobe arba'in, da hantsi, Hajiya tak kira ni ɗakinta. Tana takaba, ba ta hita, ba ta shiga taron maza. Tat turo mini ƙunshi da ƙahwa. Babbar rigar Kaka ce mai ruwan toka, da tabarau, da sanda, da hular.

Tac ce, "Maigida, ga kayan abokin gabarka. Gobe ranar jikoki ce."

Haka al'adarmu take. In tsoho ya cika da jikoki, ranar sadakarshi jikokin kan sa kayanshi su hito suna kwaikwayonshi, a yi dariya a ba su abin da sunka roƙa. Ba a hana su, ba a kuma yin hushi da su, ko mi sunka hwaɗi.

Nic ce, "Amarya, mi kike so in yi?"

Tac ce, "Ni ban ce ka yi komi ba. Wanzami dai na nan bakin kasuwa in kana da bukata."

Gashin da nid daɗe ina tarawa ana ce mini ɗan gaye, haka nib ba wanzami shi yak kwashe tas.

Washegari anka yi addu'a, anka hwara rabon masa da gumba. Mutane sun hi na ranar rasuwa yawa, don an hwara girbi, hankali ya kwanta. Sai nih hito daga cikin gida, sauran jikoki na bayana suna kiɗa ƙwarya. Ina jan ƙahwar hagu yadda yake yi, tabarau a kan karan hanci. Nit tsaya tsakiyar tabarmi, niy yi gyaran murya, nic ce, "Bon."

Wuri yah hwashe. Gwaggo daga bayan zana tana dariya tana kuka, liman ya ruhe baki da rawani kahwaɗunshi na rawa.

Nic ce, "Jama'a, abin da ƙasar ga ke bukata shi ne..."

Kusan rabin taron sunka amsa baki ɗaya, "Hillani!"

Anka hwara jeho mini canji kamar yadda aka saba. Nit ture da sanda nic ce, "Ku ba yaran baya, ni ban zo neman na goro ba." Sannan nit tuɓe hular. Rana tad doki sabon aski. Dariyar tar ragu, tar ragu, har tat tsaya.

Nij juya hular nim miƙa ma na kusa da ni, wani manomi daga Imanan. Yad dube ni, yad dubi hular, yac ce, "Dami guda, Farfesa, kamar kullum." Na gaba yac ce guda. Liman yac ce biyu. Mai tumbi yac ce buhun shinkahwa duk wata, yas sake hwashewa da kuka. Ardo yac ce akuyarsu na nan ɗaure tun jiya, su ba wanda yag gaya musu an daina. Sai da nit taka har can nesa wurin tsohon Ba'azne. Shi sai yan nuna mini bayan katanga da haɓa. Ashe da nashi yaz zo, a kan jaki.

Saura mutum guda. Niz zo nit tsaya gaban Bappa.

Yac ce a hankali, don kar baƙi su ji, "Kai, ya isa haka. Maida hular."

Nic ce da muryar Kaka, "Sai ɗiyana sun ci."

Ban janye hular ba.

Bappa yac ce, "Wasa ya ƙare. Bana sun ba ka don suna jin zahin mutuwa. Baɗi hwa? Abin ga duk shekara sai an bi gari gari ana miƙa hannu. Wa za shi yi? Ni dai ba ni tuɓe hula gaban kowa. Ni ba maroƙi ba ne."

Yanzu da nike latsa wannan rubutun, ina zaune ne a inuwar rumbun, an yaɓe shi da sabuwar laka, ƙamshin sabon hatsi ya cika bayan gida. Yarinyar Damana na tsakar gida tana daka tana haddar darasi, taɓarya na bin bakinta. Amalanken da yah hwara isowa daga gonar Bappa yah hito, a cike har jaki na nishi, kuma har yau bai ce mini shi ya aiko ba, ni ma ban tambaya ba. Hular tana rataye ɗakin Hajiya, ranar kasuwa in ɗauka in maido. Ta ce aro ce, kamar yadda nib ba mijinta aron mata.

Allah ya jiƙan abokin gabata. Yadda bai bari ɗan kowa ya kwana da yunwa ba, Allah kar ya bar shi ya nemi komi ya rasa a inda yat tahi. Ya sa duk zangarniyar da tash shiga rumbun ga ta tarbe shi can. Matar kuma ya kwantar da hankalinshi, tana hannu nagari.

Gwaggo ta leƙo ta karanta tac ce ban gama ba, sai na rubuta abin da nic ce ma Bappa, tunda daga shi ba a sake tada maganar ruhe rumbu ba. Ba wani abu mai tsawo ba ne. Tabarau kawai niz zare, nim matsa da hular har tana taɓa gwiwarshi, nic ce da muryata ta kaina:

"Bappa, wa yac ce ka yi roƙo? Maroƙi ga shi gabanka. Kai ake roƙo."